Shawara don Allah: ina za mu kai mutanen da ambaliya ta koro, ga shi ana shirin komawa makaranta?

Ɗan Bakin Kogi:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan, musamman mutanen Borno da Yobe da duk wanda ya taɓa aiki ko zama a sansanin 'yan gudun hijira.

Mu nan wani gari ne a ƙasar Haɗeja. Ruwa ya ci ƙauyuka biyu da ke gabas da mu, jinga ce ta ɓalle cikin dare, kun dai san yadda yankinmu yake, in an yi ruwa mai yawa a sama ga wanda ke gangarowa ta Tiga da Challawa ga kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, to sai dai Allah ya kiyaye. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, amma gidajen ƙasa kusan duk sun zube, rumbuna sun tafi, shinkafar fadama kuwa ba a magana. Yanzu haka mutanen suna firamaren garinmu, mata da yara cikin azuzuwa, maza a baranda da masallaci, magidanta za su kai arba'in ko su ɗan fi, ga awaki da tumaki an ɗaure su a filin ƙwallo.

Matsalar ita ce hedimasta ya kira mu ya ce shi fa ba korar kowa yake ba amma hutu ya kusa ƙarewa, kuma gaskiyarsa ne, yaranmu da nasu duk makarantar nan ce tasu. Komawa ƙauyen kuma ba zai yiwu yanzu ba don har yau ruwa na kwance, da kwalekwale ake shiga. Ƙungiyar matasan gari da 'yan'uwanmu da ke kasuwanci a Kano da Legas mun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, ba wani mai yawa ba ne, kuma kai ya rabu. Wasu sun ce a sayo tanti ko tamfol a kafa musu a bayan gari shi ke nan tunda wata ɗaya ko biyu ne ruwa zai janye. Wasu sun ce a raba musu kuɗin kawai kowa ya san inda dare ya yi masa. Dattawa kuma suna cewa a rarraba su a gidajen mutane kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Ni dai tsorona kada mu kashe kuɗin jama'a a kan abin da hunturu na zuwa zai yayyage. Wanda ya san abin da ya fi don Allah ya taimaka, lokaci ya ƙure mana.

Mazaunin Yerwa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar musu da mafificin alheri, ku kuma Allah ya saka muku.

Abu na farko da zan roƙe ka, ka cire maganar wata ɗaya ko biyun nan daga lissafinku gaba ɗaya. Mu a nan Maiduguri lokacin da mutane suka fara kwararowa daga Bama da Gwoza da Monguno da Marte a 2014 da farkon 2015, haka aka zuba su a makarantu ana cewa kafin a ɗan samu lafawa, makarantu da yawa suka daɗe a rufe, sai daga baya aka kwashe mutane zuwa sansanonin Dalori da Bakassi don yara su koma aji. Bakassi ɗin nan rukunin gidajen gwamnati ne a hanyar Damboa, mutane suka zauna a ciki da kewayensa har ƙarshen 2021 da gwamnatin Zulum ta rufe shi, yaran da aka haifa a can sun shiga firamare a can. Sai kuma ga shi ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Fori da kasuwar Monday har fadar Shehu da asibitin koyarwa, Bakassin da aka rufe aka sake buɗe shi. Na san naku ruwa ne ba rikici ba, ruwa zai janye insha Allah, amma ka yi tunani, wanda gidansa ya zube amfanin gonarsa ya tafi da me zai sake gini a wata biyu? Mafi yawansu sai sun yi noman rani sun sayar, ka ga kenan hunturu gaba ɗaya a wajenku za su yi shi, wasu har bazara.

To a kan haka ku yi shiri. Tantin kasuwa ban ba ku shawara ba, tsada gare shi kuma in ya yage ya tashi aiki. Tamfol ya fi, amma shi ma iri-iri ne, akwai wanda ƙungiyoyin agaji irin su IOM da UNHCR da Red Cross ke rabawa, mai kauri ne da ɗauri-ɗauri a jikinsa, yawanci mita 4 da 5 ko 4 da 6, shi yana jure rana. Wannan sirara na kasuwa da ake shanya hatsi a kai rana na dukansa zai fara marmashewa. Kuma ko mai kyan ne, tamfol shi kaɗai da rana ba ya zaunuwa, da asuba a hunturu kuma sanyi ne da raɓa na ɗiga a kan yara, sai tari da ciwon haƙarƙari. Dole a haɗa shi da zana ko kara.

Amma wallahi kafin ɗaki ma ku fara da bayi da ruwan sha. Abin da ke kashe mutane a irin wannan zaman amai da gudawa ne. An yi shi a sansanin Muna Garage a 2017, bayan ambaliyar 2024 ma ba a yi wata guda ba gwamnati ta sanar da ɓullar kwalara a jihar. Masu aikin agaji suna da ƙa'idojin da suke bi, Sphere ake kiran kundin, abin da ke ciki mai sauƙi ne kuma ku ma za ku iya auna kanku da shi: masai ɗaya kada ya wuce wa mutum 20, ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kowane mutum ya samu ruwa lita 15 a rana na sha da girki da wanka, sannan wurin kwana a ƙarƙashin rufi mita 3.5 murabba'i ga kowane rai. Ba lallai ku cimma duka a makon farko ba amma ku san inda kuka dosa. In magidanta arba'in ne to rayuka za su haura ɗari biyu, ka ga masai goma ne mafi ƙaranci.

Sai wuta. Wannan ita ce ke ba ni tsoro in na ji an ce zana da tamfol a hunturu. A Ngala a watan Afrilun 2020 gobara ta tashi a sansani ta kashe mutum 14, Muna ma ta sha ƙonewa, Monguno ma haka, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, ɗakuna a manne da juna, murhu a gindin zana, iska ta taso. Kada ku bari a jera ɗaki jikin ɗaki don a ce fili ya yi kaɗan. Ku bar aƙalla taku uku zuwa huɗu tsakani, in da hali fiye, sannan a bar layi mai faɗi tsakanin rukuni da rukuni, a ajiye bokitan yashi.

Kuma ku rubuta wa SEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta jiharku, da ƙaramar hukuma takarda da sunayen mutanen, hakimi ya sa hannu, ku riƙe kwafi. Ko ba su zo da wuri ba sunan ƙauyukan ya shiga lissafi, in kayan NEMA, wato ta tarayya, ko na wata ƙungiya suka iso da wannan jerin ake aiki.

Maman Ikram:

Slm. Allah ya kiyaye na gaba. Ni mace ce kuma a gidanmu mun sauke 'yan'uwa lokacin ruwan Maiduguri, don haka bari in faɗi abin da maza ba ku cika lura da shi ba in kuna zaman shawara, don na tabbata a zaman da kuka yi ba mace ko ɗaya, kuma na tabbata ba ku kira mutanen da abin ya shafa kun tambaye su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tura mata biyu ko uku masu hankali su shiga azuzuwan nan su zauna da matan ba tare da namiji a wajen ba, za ku ji abin da ba ku taɓa tunani ba.

Na farko lissafin magidanta da kuke yi zai ba ku matsala. Magidanci ɗaya yana iya zama da mata biyu ko uku, ga tsohuwarsa, ga 'yan mata da suka tasa, ga samari. In kun ce kowane magidanci ɗaki ɗaya kun haɗa kishiyoyi da uwar miji da budurwa da saurayi waje guda, wannan ba zama ba ne kuma addini ma bai yarda ba. Ku ƙirga da ɗakunan mata. Sannan akwai zawarawa da waɗanda mazansu suka tafi ci-rani da tsofaffin da ba su da kowa, su ba wanda zai tsaya musu a layi, in ba a rubuta sunansu da kansu ba haka za a gama rabo ba su samu ko tabarma ba.

Na biyu bayi. Malam na sama ya yi maganar yawansa, ni kuma ina maganar inda za a sa shi. In kun haƙa na mata kusa da na maza ko kusa da inda maza ke zaman hira, wlh matan nan ba za su shiga da rana ba, yawancinsu matan kulle ne, za su riƙe har dare, daga nan ciwon mara ke farawa, da daren kuma su tafi bayan gari cikin duhu wanda shi ma haɗari ne ga 'yan mata. Na mata ya zama can gefe, ƙofarsa ta juya wa hanya baya, a sa sakata ta ciki ko da ƙusa ce aka lanƙwasa, a rataya 'yar fitilar sola. Kuma a yi wurin wanka daban da ɗan wurin da mace za ta wanke ƙyallenta ta shanya ba a idon mutane ba. Akwai masu ciki, akwai masu jego da ke buƙatar ruwan zafi safe da yamma, itacen wannan kaɗai abin lissafi ne. Na ga mai jego tana wanka bayan zanin da 'yan'uwanta biyu suka riƙe mata da hannu a tsakar makaranta, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maganar dattawa ta a rarraba su a gidaje kuma kada ku yar da ita, tana da kyau sosai ga tsofaffi da masu jego da marasa lafiya, kuma ko a Borno waɗanda suka zauna cikin gari wajen dangi da mutanen arziki sun fi na sansani yawa. Sai dai ku sani mai masaukin ma talaka ne. Makon farko ana yi da fara'a, in tafiya ta yi nisa buhu ya ƙare masai ya cika yara sun fara faɗa, sai a fara jin nauyin juna, baƙon ya takura mai gidan ya takura kuma ba mai iya furtawa. Don haka in kun kai mutum gidan wani to ku bi shi da kwanon masara da sabulu da gidan sauro, in da fili a gidan ku kafa masa rumfa ko ɗakin zana a ciki, ku taimaka a yashe masai ko a haƙa sabo. Wannan kuɗin ba asara ba ne don ko baƙin sun tafi abin ya zauna wa mai gidan.

Girki kuma kada ku ce za a dinga dafa musu a tukunya ɗaya har abada. Kwanakin farko dole ne, amma mace tana son ta ɗora tukunyarta ta san abin da yaranta za su ci. A yi musu wajen girki a fili nesa da zana, kowace da murhunta.

Ɗan Bakin Kogi:

Hajiya Allah ya saka da alheri, maganar ƙirga da ɗakunan mata ta shige ni sosai, gobe insha Allah matar limaminmu da malamar asibiti za su shiga wajensu. Malam na Yerwa na gode, takardar ma sakatarenmu ya fara rubutawa. To yanzu in mun tsaya a kan zana da tamfol, akwai wanda zai ba mu yadda ake kafa shi ya yi ƙarko? Muna da kafintoci biyu a gari kuma mutanen da kansu a shirye suke su yi aikin ƙarfi. Fili kuma akwai wani bawan Allah da ya ce a yi amfani da gonarsa da ke kan tudu a arewacin gari.

Tsohon Magini:

Yaro sannunku da ƙoƙari. Ni aikina kenan gini tun ina saurayi, bari in ba ka a taƙaice yadda zan yi in ni ne.

Ka fara zuwa gonar nan bayan an yi ruwa da safe ka ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, kada ka yarda da kallon ido lokacin da ƙasa ta bushe. Ka tambayi tsofaffin gari ko a ruwan 2012 da na 2022 ya taɓa hawa wajen. In bai hau ba to bismilla.

Iyali mai mutum shida ɗaki ƙafa 12 da 18 ya ishe su, a raba shi biyu da zana a tsakiya. Kafin a kafa komai a tara ƙasa a yi dandamali ya ɗaga kamar taƙi ɗaya ko fiye, a daɓe shi sosai, a ja 'yar kwata a kewaye ta kai ruwa gangare. Wannan aikin ba ya cin ko sisi sai ƙarfi, kuma shi ne bambancin mai kwana a busasshen wuri da mai kwana a tsaye riƙe da tabarma. Dirkoki in an samu na darbejiya ko turare sun yi, in katako za ku saya to tu-bai-fo a kusurwa, tu-bai-tu a sama. Ramin dirka ya kai ƙafa biyu, a shafa wa gindin baƙin mai saboda gara, a ɗaure kusurwoyi da katako a karkace don iskar ƙarshen damina ba ta da wasa, ita ce ke kwashe rufi.

Wajen rufi nan ne mutane ke ɓarnar kuɗi. Kada kafinta ya buga ƙusa kai tsaye a jikin tamfol, iska na kaɗawa wajen zai yage. A sa murfin kwalbar lemo ko guntun tayar mota ko siririn katako a kai sannan a buga ƙusar ta ciki, a naɗe bakin tamfol ɗin a jikin katako, a ja shi ya yi tsam kada ya yi ciki, don in ya yi ciki ruwa zai taru ya karya muku katako. Rufin ya yi gangare sosai. Sannan a shimfiɗa zana ko asabarin kara a samansa ko a ƙarƙashinsa da ɗan sarari tsakani, zafi zai ragu kuma rana ba za ta cinye shi da wuri ba. Bango kuma zana ta fi tamfol nesa ba kusa ba don tana shan iska, a hunturu sai a ƙara buhu ko tabarma ta ciki ta ɓangaren gabas da arewa inda sanyi ke bugowa. A bar 'yar taga sama a ɓangare biyu.

Amma ga shawarar da ta fi duka a wajena. In kuɗinku zai kai, ku sayi kwano maimakon tamfol ko da rabin ɗakunan ne. Kwano da katako in mutum zai koma ƙauyensu sai ya zare ƙusa ya ɗora a amalanke ya tafi da abinsa ya rufa sabon ɗaki, kun ga kun taimake shi sau biyu da kuɗi ɗaya. Bangon kuma yanzu ba lokacin tubali ba ne don ba zai bushe ba, amma ruwa na ɗaukewa a watan goma sai su fara buga tubalin ƙasa da kansu, mutanen ƙauye ne ba wanda bai iya ba, a ɗaga bango ko zuwa ƙugu ne a kewaye ɗakin, sama a bar zana. Yana tare sanyi, yana tare akuya, kuma wuta ba ta cinsa da sauri. Karan gero ma ga shi nan ana girbi, na dawa sai gaba kaɗan, ku roƙi manoman gari kada su ƙona ko su sayar duka.

Masai kuma ku kula, ƙasarku ruwa a kusa yake. In kun haƙa kun ga danshi na tsattsafowa ku tsaya, kada ramin ya kai ga ruwa don zai gurɓata muku rijiyoyi. Gara a yi shi gajere a ɗaga bakinsa sama da bulo ko a jera tsofaffin durom da aka fasa gindinsu, a zuba silab a kai da murfi. In ƙasar yashi ce dole a ɗaure bakin ramin, na sha ganin masai ya rufta da damina. A ajiye buta da toka ko sabulu a ƙofa.

Bamaraɗe:

Salamu alaikum, ni daga Maraɗi nike, Allah shi ba ku lada. Abu guda nika son in ƙara wanda ban ga an taɓo da kyau ba, maganar hilin nan. Mu nan tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sunka dinga shigowa gudun 'yan bindiga, wajen Gidan Rumji da Madarumfa, da farko cikin gidajen mutane sunka sauka don duk dangi ne harshe guda, daga baya gwamnati da HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sunka maida wasunsu garuruwa nesa da iyaka kamar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka ƙara ma garuruwan pampo da lakwal, wato makaranta, da likita don 'yan gari su ma su amfana. Abin da na lura shi ne duk inda 'yan gari sunka ga su ma suna samun wani abu zama na yin daɗi, inda kuwa aka ba baƙi kaɗai sai ƙorafi ya taso. To in za ku gina rijiya ko ku gyara tuƙa-tuƙa ku sa shi inda kowa zai ɗiba.

Shi kuma mai gonar Allah shi saka mishi, amma ku rubuta. Ku zauna gaban mai gari da liman da 'ya'yanshi manya da 'yan'uwanshi in gonar gado ce, a rubuta daga yaushe zuwa yaushe, ko an yarda a yi bangon ƙasa, ko an yarda a gina masai, wa ke da itacen da ke ciki, dabbobi ina za a ɗaure su. Yanzu zuciya ta yi taushi kowa na son lada, amma ranar da ruwan shuka ya sauka baɗi shi ma gonarshi zai nema, kuma hakkinshi ne. In ba a yi magana tun yau ba ranar nan za ku rasa bakin magana, a tashi mutane cikin gaggawa su sake komawa lakwal ɗin da kunka fito da su.

Abban Sadik:

Ni fa jama'a ku yi haƙuri ina ganin ana wahalar da abin. Mutanen nan manya ne masu iyali, ba yara ba, kafin ruwa ya zo su suke riƙe da gidajensu. Ku ba kowa kasonsa a hannu, wani ɗaki zai kama haya, wani wajen ɗan'uwansa zai tafi Gumel ko Kano, wani irin noman rani ya fi buƙata a kan kwano. In kun tara su a gona guda kun kafa sansani kenan da hannunku, kuma sansani in ya kafu tashinsa wuya, kullum ido na kanku ku kawo abinci. Ko manyan ƙungiyoyin ma yanzu kuɗi suke turawa mutane a wurare da yawa saboda sun gane hakan ya fi mutunci.

Mazaunin Yerwa:

Abban Sadik maganarka akwai gaskiya a ciki, ban ƙi ba, kuma wanda ya ce shi yana da inda zai tafi lallai a ba shi nasa a hannu ya tafi, kada a tilasta wa kowa zama a gona. Amma kuɗi yana aiki ne inda akwai abin saye. A birni akwai ɗakunan haya, duk da haka mu nan bayan ruwan 2024 haya ta yi tsada a unguwannin da ruwa bai taɓa ba don kowa can ya nufa. To ƙaramin gari a ƙasar Haɗeja ɗakin haya nawa ne a ciki da zai ɗauki iyali arba'in? Sannan mutumin da yaransa ke jin yunwa in ka ba shi kuɗin kwano masara zai saya, kuma ba laifinsa ba ne ko ni ne haka zan yi, sati biyu kuɗin ya ƙare yana nan a aji. Masai da rijiya kuma ba mai cire kuɗinsa shi kaɗai ya yi wa jama'a. Ni a ganina a kasa kuɗin, kaso mafi girma kayan rufi a sayo su a dunƙule don ya fi araha, kaso na biyu bayi da ruwa, ɗan abin da ya rage a ba matan gida a hannu. Su ma mutanen nan manoma ne masunta, ba za su so nisa da gonakinsu ba, ruwa na ja baya za ka ga sun fara zarya suna duba inda za su zuba albasa da alkama, shi ya sa zama kusa ya fi musu tafiya Kano.

Wani abu kuma ɗan'uwa mai tambaya, su zaɓi shugabanninsu da kansu, namiji da mace daga kowane ƙauye, rabon ɗaki ya bi yadda suke maƙwabtaka a can gida. Kuma duk abin da aka saya a rubuta a karanta a masallaci ranar Juma'a, kuɗin jama'a ne, zargi ba ya wuyar tashi.

Ɗan Bakin Kogi:

Na gode ƙwarai jama'a, na karanta wa 'yan kwamiti duka jiya bayan isha'i. Matan da muka tura sun dawo, ɗakunan mata sun fi yadda muka zata yawa sosai, kuma akwai iyalai da suka ce su wajen danginsu za su tafi in an ba su na mota da ɗan abinci, to waɗannan za mu bi shawarar Abban Sadik a kansu. Tsofaffi da masu jego an fara samar musu gidaje a cikin gari. Mai gonar ya yarda a rubuta, ranar Asabar za a zauna a ƙofar dagaci da 'ya'yansa, ya ce har zuwa faɗuwar ruwan baɗi. Hedimasta kuma ya ce zai bar musu azuzuwa biyu na baya su ci gaba da kwana kafin a gama, yara su yi karatu a sauran da gindin bishiya.

Baba Magini saura tambaya ɗaya don Allah, geron da ke gonar sai nan da kwana goma za a yanke, amma akwai gefen da ba a shuka ba ta yamma wajen wata tsohuwar rijiya da har yanzu ake ɗiba. Za mu iya fara haƙa masan a can tun yanzu ko rijiyar ta hana? Kuma durom ɗin da ka ce, guda nawa ake jerawa a rami ɗaya?